Wa ke raba wa kwamfutoci hanya a intanet?

Tambayarka ita ce: tunda biliyoyin wayoyi da kwamfutoci suna tura bayanai a lokaci guda, wa ke tsara su, kuma wace ƙirƙira ce ta hana intanet cushewa ta tsaya cak? Ɗan'uwa, rabin farko amsarsa gajeriya ce: babu mai tsara su. Babu wani ofishi ko wata babbar na'ura a tsakiya da ke cewa wane tura, wane dakata. Rabi na biyu ne ke buƙatar zama, domin ƙirƙire-ƙirƙiren suna da yawa, kuma wadda nake ganin ta fi kowace cancantar yabo ba ita ce aka fi ambata ba. Zan zo kanta, amma ba za ka ga girmanta ba sai ka san matsalar da ta tarar.

A tsarin tarho na da, idan ka kira mutum, ana haɗa muku layi daga wajenka har wajensa, a keɓe muku shi har ku gama. Ko kun yi shiru, layin naku ne. Ga hirar baki wannan ba laifi. Kwamfuta kuwa ba haka take magana ba. Takan watso bayanai masu yawa cikin ƙiftawar ido, sannan ta yi tsit na dogon lokaci, don haka keɓe mata layi asara ce tsagwaronta. Mutum biyu suka gano mafita, kowa a wurinsa, ba tare da sanin aikin ɗayan ba. Paul Baran na cibiyar RAND a Amurka, wanda ya wallafa bincikensa a 1964, yana neman tsarin sadarwar da zai ci gaba da aiki ko an ruguza wani sashensa a yaƙi. Donald Davies na ɗakin binciken kimiyya na ƙasa a Ingila, a 1965, shi kuma yana neman yadda mutane da yawa za su ci moriyar layi ɗaya. Dabarar tasu iri ɗaya ce: a yayyanka saƙo zuwa ƙananan fakitoci, a liƙa wa kowanne adireshin inda za shi, a sake su su shiga layi tare da fakitocin wasu, a harhaɗa su a can inda suka sauka. Har yau haka ake yi. A yawancin hanyoyi fakiti bai wuce bayit 1,500 ba, wato hoto mai megabayit 3 yakan tashi a fakiti wajen 2,000.

An gwada wannan a aikace da ARPANET, wata hanyar sadarwar kwamfutoci da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinta. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka yi ƙoƙarin tura kalmar shiga, wato LOGIN, daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford, haruffa biyu kacal suka isa, L da O, na'urar can ta tsaya. Kafin ƙarshen shekarar wurare huɗu sun haɗu, a kan layuka masu ɗaukar kilobit 50 a sakan.

Ba a jima ba aka sami hanyoyin sadarwa kala-kala, wata ta kebul, wata ta rediyo, wata ta tauraron ɗan'adam, kuma ba sa jin yaren juna. A watan Mayu na 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin da zai ɗinke su, suna ɗorawa a kan tunanin da Louis Pouzin ya riga ya gwada a Faransa da hanyarsa ta CYCLADES. Shawarar da suka yanke ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: kada a ɗora wa tsakiyar hanya nauyin tabbatar da isar saƙo, a bar wannan nauyin a kan kwamfutocin da ke bakin hanya, mai turawa da mai karɓa. Daga baya aka raba aikin gida biyu. IP ita ce ƙa'idar adireshi da miƙa fakiti, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba. Fakiti na iya ɓacewa, na iya zuwa sau biyu, na baya na iya riga na gaba. TCP kuma tana zaune a cikin kwamfutocin biyu, tana sa wa bayanai lamba, mai karɓa yana maido da shaidar cewa ya karɓa, abin da shaidarsa ba ta dawo ba a sake tura shi. Ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET gaba ɗaya ta koma kan wannan tsari.

Saboda haka rauta, wato na'urar da ke mahaɗar hanyoyi, aikinta ɗan kaɗan ne. Ta duba adireshin fakiti, ta duba jadawalinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba, ta manta da shi. Kowane fakiti yana ɗauke da wata lamba da kowace rauta ke rage wa ɗaya, idan ta kai sifiri a yar da shi, don kada ya yi ta yawo har abada idan hanya ta ruɗe. Kana iya ganin wannan da idonka. Manhajar traceroute, wadda a Windows ake kira tracert, tana tura fakiti da lamba 1, rauta ta farko ta yar da shi ta aiko da sanarwa, a san sunanta. Sai ta tura wani da lamba 2, ta biyu ta bayyana kanta, haka har a kai ƙarshe. Jerin da za ka gani a fuskar kwamfutarka shi ne hanyar da bayananka ke bi a wannan lokacin.

Akwai wata dabara da ta taso a gefe wadda ya kamata ka riƙe. A 1971 Norman Abramson ya haɗa kwamfutoci a tsibiran Hawai ta rediyo, duk suna magana a zango ɗaya. Robert Metcalfe ya ɗauki wannan tunani a 1973 a cibiyar binciken Xerox, ya gina Ethernet, inda kwamfutoci da yawa ke kan kebul ɗaya. Idan biyu suka tura a tare, saƙonnin sukan yi karo su lalace. Maganin da aka samo daidai yake da abin da mutane masu ladabi ke yi a zama: biyu sun buɗe baki a tare, sai duk su yi shiru, kowa ya ɗan jira, wanda ya riga ya ci gaba. Kowace kwamfuta tana zaɓar tsawon jiranta da ka, babu tsari, kuma idan aka sake karo sai ta ninka iyakar jiran. Wi-Fi ɗin da kake amfani da shi yau yana bin irin wannan ja da bayan.

To, ga inda nake son kai ka. A watan Oktoba na 1986 intanet ta yi abin da kake tsoro, ta cushe. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley tazarar ba ta wuce yadi 400 ba, kuma layin da ke tsakaninsu yana iya ɗaukar kilobit 32 a sakan. Sai abin da ke wucewa mai amfani ya faɗo zuwa bit 40 a sakan. Ba kilobit ba, bit, kuma kilobit ɗaya bit dubu ne. Babu kebul da ya tsinke, babu na'urar da ta ƙone. Layin cike yake taf, yana aiki ba dare ba rana, amma kusan duk abin da yake ɗauka maimaici ne.

Ga yadda abin ya faru. Kowace rauta tana da ɗan wurin ajiya inda fakitoci ke jiran a miƙa su. Idan masu shigowa suka fi ƙarfin layin fita, jiran ya yi tsawo, wurin ya cika, rauta ta fara zubar da na baya. Mai turawa ya jira shaida bai gani ba, sai ya sake turawa. Wani lokaci ma fakitin farkon bai ɓace ba, yana nan a cikin jiran, amma an riga an turo kwafinsa. Kwafin ya ƙara tsawon jira, tsawon jira ya sa wasu ma suka ƙosa suka sake turawa. Kowace kwamfuta tana yin daidai abin da aka gina ta ta yi, wato kada ta bari saƙo ya ɓace, amma kowa tasa ta fishshe shi, sai aka taru aka kashe hanyar.

Van Jacobson, tare da Michael Karels, su suka zauna a kan matsalar, aka gabatar da sakamakon a 1988. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su taɓa ko rauta ɗaya ba. Ba su ce a kafa mai ba da izini ba, ba su ce a sayi layi mafi faɗi ba. Gyaran nasu ya shiga cikin TCP ne, a kwamfutar mai turawa, kuma tushensa fahimta ce guda: ɓacewar fakiti saƙo ne daga hanya, tana cewa ta cika. Wanda ya ga fakitinsa ya ɓace, rage gudu ya kamace shi, ba ƙarawa ba.

Sai aka ba mai turawa iyakar adadin fakitocin da zai iya saki kafin shaida ta dawo. Yakan fara da kaɗan, a wancan lokacin fakiti ɗaya tak. Shaida ta dawo, ya saki biyu, sannan huɗu, takwas, yana ninkawa a kowane zuwa da dawowa har ya ji inda hanya ta ƙi. Daga nan ya riƙe rabin adadin da ya kai, ya koma ƙarawa a hankali, fakiti ɗaya a kowane zagaye. Aka kuma gyara yadda ake ƙiyasta lokacin jiran shaida, ta yadda idan aka sake turawa ba a ji komai ba, a ninka jiran, irin dai na Ethernet.

Dubi hikimar ƙarawa da ɗaya-ɗaya da ragewa da rabi. Ɗauka mutum biyu suna kan layin da ke ɗaukar fakiti 100, ɗaya ya riga ya mamaye 80, ɗayan yana da 20. Layi ya cika, kowa ya yi asarar fakiti, kowa ya raba nasa biyu: 40 da 10. Tazarar da ke tsakaninsu ta sauko daga 60 zuwa 30. Suka ci gaba da ƙarawa daidai wa daida har layin ya sake cika, a 65 da 35. Suka sake rabawa, tazarar ta koma 15. Kowane zagaye tazarar na raguwa da rabi, har su kusan daidaita. Ba su san juna ba, ba su yi magana ba, babu wanda ya gaya musu faɗin layin, amma sun raba shi. Dah-Ming Chiu da Raj Jain sun tabbatar da wannan a lissafe a 1989. Wannan ce amsata ga tambayarka. Idan aka ce in zaɓi ƙirƙira ɗaya da ke hana intanet cushewa, ita zan zaɓa, duk da cewa gyara ne ɗan ƙarami a cikin manhaja kuma mai amfani ba ya taɓa ganinsa.

Saura batun yadda rauta ke sanin inda za ta miƙa fakiti. A cikin hanyar kamfani ɗaya abin da sauƙi, rautoci suna gaya wa juna layukan da ke raye, kowace ta lissafa hanya mafi kusa, sau da yawa da dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa tun 1959. Amma intanet haɗakar hanyoyi ce masu zaman kansu fiye da 70,000, na kamfanonin sadarwa da jami'o'i da gwamnatoci, kowa da muradinsa. Abin da ke haɗa su shi ne BGP, wadda Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco suka zana a 1989 a kan takardun goge hannu, a wurin wani taro. Kowace hanya tana shelanta wa maƙwabtanta adiresoshin da take iya kaiwa, su kuma su ƙara sunansu su isar gaba. Zaɓin hanya a nan ba kusanci kaɗai yake bi ba, har da yarjejeniyar kasuwanci, wa ke biyan wa.

A nan raunin intanet yake, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana damuna. An gina BGP a kan yarda, a zamanin da masu gudanar da hanyoyin sun san juna. Ranar 24 ga Fabrairu 2008, bayan gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasar, kamfanin sadarwa na Pakistan Telecom ya shelanta cewa wani ɓangare na adiresoshin YouTube yana wajensa. Shelar ta tsallake iyaka ta bazu duniya. Da yake rauta kullum tana fifita shelar da ta fi fayyace adireshi, sai masu neman YouTube daga ko'ina suka riƙa kwarara can, shafin ya ɓace wa yawancin duniya na wajen awa biyu. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma, wani kuskure a lokacin gyara ya sa Facebook ya janye shelar hanyoyinsa da kansa, shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Akwai magani, tsarin RPKI, inda mai adireshi ke sa hannu na lissafi a kan wanda ya halatta ya shelanta shi, amma sai kowace hanya ta ga dama ta ɗauka, shi ya sa tafiyar ke jan ƙafa.

Batun sunaye, wato yadda ake juya sunan shafi zuwa adireshin kwamfuta, ba zan daɗe a kai ba. Da can sunayen duk kwamfutocin ARPANET a fayil ɗaya suke, ana ajiye shi a cibiyar Stanford, kowa ya kwafa. Da abin ya fi ƙarfin fayil, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS a 1983, ya rarraba nauyin hawa-hawa, kowace hukuma ta riƙe sunayen da ke ƙarƙashinta, wanda ya tambaya sau ɗaya kuma ya ajiye amsar na ɗan lokaci.

Wannan ajiye amsa a kusa shi ne ƙirƙira ta biyu da zan ɗora kusa da ta Jacobson, domin akwai abin da kuɗi ba sa saye, wato saurin haske. A cikin zaren gilashi haske yana tafiyar kilomita wajen 200,000 a sakan. Idan kwamfutar da ke riƙe da shafin da kake nema tana nesa da kai da kilomita 10,000, zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 100 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, komai tsadar layinka. Yanzu haɗa wannan da farawa da kaɗan ɗin nan da mai turawa ke yi. Yau TCP takan fara da fakiti 10. Fayil mai megabayit 1 fakiti ne wajen 685. Zagayen farko 10, na biyu 20, sai 40, 80, 160, 320, jimilla 630, bai ƙare ba sai a zagaye na bakwai. Sakan 0.7 ke nan, ban da gaisuwar buɗe hulɗa da ta ɓoye sirri, wato saƙonnin da kwamfutocin biyu ke musaya kafin a fara tura fayil ɗin. Da fayil ɗin yana inda zuwa da dawowa milisakan 10 ne, zagaye bakwai ɗin nan ba za su kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Shi ya sa wanda ya ninka faɗin layinsa sau da yawa ba ya ganin shafuka sun ninka sauri.

Tom Leighton da ɗalibinsa Daniel Lewin na jami'ar MIT suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin Akamai a 1998 a kan wannan lissafi: a baza kwamfutocin ajiya a wurare da yawa, a sa kwafin abin da aka fi nema a cikinsu, a tura kowane mai nema zuwa mafi kusa da shi. Netflix ya yi nasa daga 2012, yana ajiye akwatunansa a cikin hanyoyin kamfanonin sadarwa, ana cika su da finafinai a lokacin da mutane ba sa yawan amfani da layi. Idan mutum miliyan suna kallon abu ɗaya, ba sau miliyan yake tsallaka teku ba. Bidiyon kansa an yayyanka shi gutsattsari na 'yan sakanni, kowane gutsure an tanade shi a inganci daban-daban, wayarka ce ke auna saurin da take samu ta zaɓi wanda za ta iya. Lokacin da ka ga hoto ya ɗan dushe maimakon ya tsaya, na'urarka ce ta ja baya da kanta.

Kada ka ɗauka dabarar 1988 ba ta da aibi. Ta ɗauka duk fakitin da ya ɓace cunkoso ne ya ci shi, alhali a kan rediyo, kamar layin wayar salula, yakan ɓace saboda raunin sigina, sai mai turawa ya rage gudu a banza. Shi ya sa aka yi ta gyara. Manhajar Linux ta koma kan wata sabuwar dabarar daidaita gudu, CUBIC, a 2006 don dogayen layuka masu faɗi. A 2016 Google ya fito da BBR, wadda ke auna faɗin layi da lokacin zagaye kai tsaye maimakon jiran asara, kuma Jacobson yana cikin waɗanda suka yi ta. QUIC, wata ƙa'ida mai yin aikin TCP da aka amince da ita a hukumance a 2021, ta haɗa gaisuwar buɗe hulɗa da ta ɓoye sirri don rage zagaye, ta kuma sa ɓacewar fakiti ɗaya ba ya tsayar da sauran abubuwan da ke zuwa tare da shi.

Aibin da ya fi shafar mutane a gida kuwa daga kyakkyawar niyya ya fito. Da ma'adanar kwamfuta ta yi araha, masu ƙera rautoci suka faɗaɗa wurin jira don kada a zubar da fakiti. Amma zubarwar nan ita ce alamar da mai turawa ke jira. Da aka hana shi ita, sai ya ci gaba da ƙarawa har jiran ya kai sakan guda ko fiye, kuma duk wani fakiti, har na kiran murya, dole ya bi bayan wannan dogon jeri. Jim Gettys ya ja hankalin duniya kan wannan a 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Jacobson suka fitar da CoDel, wadda ke duba tsawon lokacin da fakiti ya yi yana jira, idan ya wuce kima ta zubar da ɗaya da gangan, da wuri, don mai turawa ya ji.

Kana iya gwada layinka. Kunna umarnin ping zuwa wani sanannen shafi, ka dubi lambobin da ke fitowa, wato lokacin zuwa da dawowa, a ce milisakan 30 ne. Bar shi yana tafiya, ka fara ɗora babban fayil ko bidiyo. Idan lambobin suka tsaya kusa da inda suke, rautarka tana kula da jiranta yadda ya kamata. Idan suka yi tsalle zuwa ɗaruruwa, jerin ya taru ne a rautarka ko a na'urar kamfanin da ke ba ka layi. Duba saitin rautar ko tana da SQM ko fq_codel, wato saitin da ke kula da jira irin na CoDel, ka kunna, ka sa iyakar gudun ƙasa kaɗan da ainihin abin da layinka ke bayarwa, don jiran ya taru a inda ake iya sarrafa shi. Sannan ka sake gwajin.